Ulamila ta Bakin Gada

A Nakoroloa ba a cin abinci ƙofa a rufe. Ko gayan rogo aka dafa sai an wangale ƙofa, duk wanda ya gifta a ɗaga murya a ce, "Zo mu ci." Shi kuma ya ce, "Na gode, a ci lafiya," ya wuce abinsa. Kowa ya san yadda abin yake. Mai kira ya san ba shigowa za a yi ba, wanda aka kira ya san tukunyar ba ta kai ba, an dai fita kunyar juna. Mutum ɗaya ce a duk ƙauyen ta ƙi gane wannan, Ulamila matar Waisake, ta gidan bakin gada. Ita in ta kira ka ka ce na gode, sai ka waiwaya ka gan ta biye da kai da kwano a hannu.

Ba 'yar garinmu ba ce. Daga bakin teku aka auro ta, can ƙasar Ra, tana 'yar siririya, ta zo da tabarmin aurenta da hannun iya dafa kifi, a garin da kifinsa bai wuce na kogi ba. Waisake shi ne ƙarami a mazan gidansu, filin cikin gari kuma yayye sun riga sun cinye, sai aka yanka masa gefen babbar hanya, daidai inda take gangarowa ta hau gadar Wainibuka. Mata suka yi ta jajanta wa amarya: ga ƙura, ga ƙarar motoci, ga mashaya masu dawowa daga Suva, babban birni. Ita kuwa kamar gado aka ba ta. Mota ba ta tsayawa a wurin nan ta tashi ba a sha ruwan gidanta ba.

Wa ba ta ciyar ba? 'Yan makarantar da motar ƙarshe ta bari, masu yankan rake da ke komawa gida ƙafafu a farfashe, ɗan sandan da babur ɗinsa ya mutu, har da ɓarawon da ɗan sandan yake bi, wanda ya riga shi isowa ya ci ya ƙoshi ya tafi musu da fitila. An yi wani Bature mai keke da rana ta dafa shi ya yi jajir kamar ƙaguwa, ya kwana biyu yana shan miyar ganyen gwaza da madarar kwakwa, har yau ba wanda ya san sunansa. Ba ta tambayar suna. Ta ce in ka tambayi baƙo sunansa ka ɗora masa nauyin dawowa, ita kuma ba bashi take bayarwa ba.

Waisake ba ya hana ta, tsokana ce dai ba ya fasawa. In ya dawo daga gona ya tarar baƙi sun cika tabarma sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Sannunku da hutawa. Ko akwai wanda ya san mai gidan nan? Masauki nake so in roƙe shi." Allah bai ba su haihuwa ba. Sun yi ta asibiti, sun yi ta masu magani, daga baya suka haƙura. A garinmu da sunan ɗan fari ake kiran mace, uwar wane, uwar wance, ita kuwa har furfura ta fito mata tana nan Ulamila. Masu baƙin baki suka ce abin da ya sa take tara 'ya'yan mutane ke nan. Ƙarya suke yi, tun kafin a san ba za ta haihu ba haka take.

Ranar da Waisake ya mutu ba wani abu aka yi ba. Ya tafi cire gwaza da safe, ya ce ta ajiye masa shayi. Rana ta take bai dawo ba, aka bi sawu, aka same shi zaune ya jingina da ayaba, adda a cinya. Ulamila ba ta yi kuka ba. Mata suka kewaye ta suna kuka suna satar kallonta, ita tana duba ko kofuna za su isa masu zaman makoki. Aka sa mata baƙaƙen kaya, aka ce sai bayan dare ɗari za a cire, ta ce to. Daga nan komai ya koma mata nesa-nesa, kamar rediyon maƙwabta. Tana dafawa, tana shara, tana zuwa coci. In ta ci abinci ba ta jin gishiri, in tukunya ta ƙone ta sai daga baya take ganin tabon. Mai wucewa kuma tana kiransa, don bakin ya saba, ba don ta ga fuskarsa ba.

Kowa ya san abin da ke jiranta ranar cire baƙi. Macen da mijinta ya mutu, danginta sukan zo da tabua, haƙorin nan na ƙaton kifin teku mai igiyar saƙar kwakwa, wanda ba a yin babbar magana sai da shi. Su miƙa, su ce a ba su 'yarsu su koma da ita. In dangin miji suna sonta, babbansu ya karɓa, sannan ya fito da nasa haƙorin ya ce a bar musu ita. In bai fito da shi ba magana ta ƙare, sai ta naɗe tabarmarta. Mai 'ya'ya ba ta da fargaba, 'ya'yanta ne turkenta. Ulamila ba ta da komai a garin nan sai kabari ɗaya da gidan bakin hanya, zamanta da tafiyarta duk suna hannun Ilaitia, yayan Waisake.

Ga shi kuma ba ta taɓa magana da Ilaitia ba. Ba gaba suke yi ba, al'ada ce: yayan miji da matar ƙane ba sa haɗa ido, ba sa kiran sunan juna, in ya shigo ta ƙofar gaba sai ta fita ta baya. Shekara talatin da wani abu, in tana da saƙo gare shi sai ta aiki Torika, ƙanwarsu, wadda take abokiyar wasanta. Nata yayan ma, Apenisa, wanda zai zo da haƙorin, haka suke da shi tun ta zama budurwa, don wa da ƙanwa in sun girma ba sa zama hira. Wato maza biyun da za su yanke maganar, ba wanda zai iya tambayarta. Mu dai haka muka taso muka tarar, har alfahari muke da shi, ba ma tunanin wata rana zai ci mu.

Torika ce ta tambaye ta, sau ɗaya, suna kankare kwakwa a bayan madafa.

"Matarmu, ke fa ba kya magana. Zama za ki yi, ko guduwa za ki yi ki bar ni da gumakan nan?"

"Duk yadda aka yi."

"Wane irin duk yadda aka yi? Akuya aka ce miki za a sayar?"

"Miƙo min waccan kwakwar," in ji Ulamila.

Ba ɓoye wani abu take yi ba. Ta leƙa cikin ranta ne ta tarar ba kowa a ciki.

Ana jibi cire baƙi aka kwana ana ruwa a kan duwatsu. Da hantsi kogi ya yi ja ya fara kwaso itatuwa, kafin rana ta raba ya haye gada. Madafar Ulamila a lokacin cike take da kayan taro: gwaza dami-dami har rufi, rogo, kaji a kwando, kyafaffen kifin da danginta suka aiko, ga alade ɗaure a gindin mangwaro. Sai ga bas daga Suva ta gangaro ta tsaya, hancinta a bakin ruwa. Irin bas ɗin nan ce mara gilashi mai labulen tamfol, labulen kuma ya yayyage, duk wanda ke ciki ya jiƙe sharkaf. Direba ya so ya juya, aka ce masa baya ma ƙasa ta zaftaro ta rufe hanya.

"Direba, ba kai ka ce mana ka san hanyar nan kamar ɗakin matarka ba?" in ji wani tsoho daga kujerar baya.

"Hanya na sani, Baba. Kogin ne ban sani ba."

"To matar ma a bincika."

Ulamila ta fito bakin ƙofa da baƙin zaninta, indararo na zuba a gabanta, ta ce, "Ku zo mu ci." Yawancinsu sun san amsar, suka ce sun gode, a ci lafiya. Ta koma ciki, ta fito ta rufa buhu a ka saboda ruwa, ta taka har ƙofar bas, ta kama hannun wata mai goyo ta sauko da ita. Sauran suka biyo baya kamar tumaki.

Gari ma ya yi nasa, kada a ce ban faɗa ba. An buɗe ɗakin taron coci an kwashi maza an kai can, gidaje sun aiko da abin da ya samu. Amma mata da yara da tsofaffi a gidan bakin gada suka zube, kuma wutar da ta ciyar da bas ɗin nan gaba ɗaya a madafar Ulamila aka hura ta. Torika ta iso tana haki ta tarar an riga an fere rabin gwazar.

"Matarmu, kanki ɗaya kuwa? Gwazar jibi ce fa."

"Ai yau ba jibi ba ce."

"To in ranar ta zo sai ki dafa mana gadar mu ci. Mutanenki na bakin teku su koma su ce da yunwa muka riƙe ki."

"Karɓi wuƙar nan, bakinki ya huta."

Torika ta karɓi wuƙa tana mita, ta fere fiye da kowa.

Aka yanka kajin, aka sauko da kifin. Aladen ne kaɗai ya tsira, shi ma don akwai Indiyawa a cikin fasinjan, Ulamila ta ce ba za ta tayar da ƙaurinsa a ɗakin da wasu ba sa ci ba. Da ta ga tsofaffi suna rawar ɗari sai ta jawo akwatin Waisake daga ƙarƙashin gado. Tun da ya mutu ba a buɗe shi ba, don kayan mamaci sai an cire baƙi dangi suke rabawa. Ta buɗe, ƙanshin man kwakwarsa ya taso, ta ɗan tsaya ta ji ko wani abu zai motsa a ƙirjinta. Bai motsa ba. Ta shiga miƙa riguna da zannuwa. Farar rigarsa ta zuwa coci ta faɗa hannun tsohon nan mai tsokanar direba, ta yi masa yawa har hannunta ya rufe masa yatsu. Ya zauna a inda Waisake yake zama, da kofi a hannu, ya ce, "'Yata, mai rigar nan ƙato ne."

"Ƙato ne, Baba. Kawo in ƙara maka shayi."

Ana cikin ci mai goyon nan ta tambayi Torika a kunne wa ya rasu a gidan. Da ta ji, magana ta zaga ɗaki daga kunne zuwa kunne. Mutane suka dubi kwanukansu, suka dubi rigunan jikinsu, hannuwa suka tsaya. Ulamila ta shigo da tukunya ta tarar an yi shiru.

"Gishiri ne bai ji ba? Ku faɗa min, ni kwanan nan ba na ganewa."

"Mama, ba mu sani ba," in ji mai goyon. "Ashe abincin taron mijinki muke ci."

"To ai na ci ne. Ku miƙo kwanuka."

Suka miƙo, don ba su san abin da za su yi ba in ba haka ba.

Shayin kuwa a babbar butar nan aka dafa shi, ta alminiyam, wadda sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Waisake ya sayo ta a Suva shekarar da suka daina zuwa asibiti. Ya sauko da ita daga mota a kafaɗa, ya dire mata a tsakar ɗaki, ya ce, "Tunda ƙasar nan duka kika haifa, ga abin shayar da su." Duk direban da ke bin hanyar nan ya san butar. In ka hango ta a kan murhu tana huci ka san Ulamila na gida.

Cikin fasinjan akwai wata Ba'indiya, Sushila Wati, mai sayar da shayi a kasuwar Rakiraki. Ita ta karɓi aikin zuba wa mutane ba tare da an roƙe ta ba, tana yi tana ba da labarin ciwon gwiwarta da halin matar ɗanta. Da gari ya waye ruwa ya janye daga kan gada, ana shirin tafiya, sai ta ɗauki butar ta wanke ta da toka, ta ɗaga ta tana jujjuyawa.

"Kai, Mama, wannan ita ce buta. Yanzu ba a yin irinta. Tawa tun bara take yoyo, na liƙe na liƙe har na gaji. Dubi gindinta don Allah, kamar yau aka..."

Sai ta kama bakinta. A ƙasar nan aka haife ta, ta san abin da ta yi. Baƙo ba ya yaba abu a gidajenmu ya tafi ya bar shi.

"Taki ce," in ji Ulamila.

"A'a, Mama, ki rufa min asiri. Bakina ne ba shi da linzami, kullum faɗan da mijina yake min ke nan."

"Taki ce."

"Mun cinye miki abinci, mun sa kayan mijinki, kuma in tafi da butarki? Da wane ido zan dubi mutane?"

Akwai hanyar fita, kowace mace a garin nan ta san ta. Sai ka ce, ayya, ai ta coci ce, aro na yi, ka ɗauko ƙaramin abu, mafici ko kwalbar man kwakwa, ka ba baƙo, kowa ya tsira da mutuncinsa. Torika tana bayan Sushila tana ta ƙifta ido kamar zai faɗo. Har ta fara cewa, "Ai butar nan ta Yaya ce," Ulamila ta ɗauki buta ta bi ta gabanta ta fita. Ta hau bas, ta ajiye ta a ƙarƙashin kujerar Sushila, ta sauko. Ba ta ji zafin rabuwa da ita ba, ba ta kuma ji daɗin kyautar ba. An yaba ne, ta bayar.

Bas ta tashi, rigunan Waisake na ɗaga mata hannu ta tagogi, Sushila tana kuka tana faɗin wani abu da ƙarar inji ta cinye. A tsallaken hanya Ilaitia yana tsaye da addarsa, ya fito duba ɓarnar ruwa. Ya ga rigunan, ya ga lokacin da aka hau da butar. Ya daɗe yana kallon bayan motar, sannan ya juya ya nufi gona. Kafin yamma 'ya'yansa suka sauke gwaza da rogo a madafar Ulamila fiye da abin da aka ci, ba saƙo, ba faɗa.

Washegari mutanen Ra suka iso cikin a-kori-kura, Apenisa a gaba, ya tsufa ya koma ubansu sak. Aka yi addu'a a kabari, aka buɗe ramin da aka gasa abincin taro a ciki, aka ci aka ƙoshi. Mata suka shiga da Ulamila ɗaki suka tuɓe mata baƙi, suka shafe ta da man kwakwa, suka sa mata riga mai furanni ja da rawaya. Torika ta ja da baya ta ƙare mata kallo ta ce, "To, ga amarya. Saura ango, ko da yake wa zai kwashi wannan?" Mata suka yi dariya. Ulamila tana duban hannuwanta suna ƙyalli kamar na wata.

Aka taru a gidan Ilaitia, maza a sama wajen akushin yangona, jiƙon saiwar nan na taro, ana damawa ana sha, mata a ƙasa kusa da ƙofa, Ulamila a cikinsu kai a sunkuye. Apenisa ya matso da gwiwa, ya ɗaga tabua da hannu biyu, ya yi magana a hankali yadda ake yi. Ya gode wa gidan, ya ambaci mamaci, sannan ya ce, "Yarinya muka kawo muku, kun riƙe ta da mutunci har ta yi furfura. Wanda muka ba wa ya tafi. Roƙo muka zo, ku ba mu ita ta je ta huta a inda aka haife ta." Shi kansa bai zo da niyyar tafiya da kowa ba, cika al'ada yake yi. An riga an loda musu buhunan gwaza a mota, ko wurin zamanta ba a bari ba.

Daga inda take zaune, ta ƙasan ido, Ulamila tana hango gefen tabarmar Ilaitia. Bakin wata igiyar kwakwa ya leƙo daga ƙarƙashi, daidai gwiwarsa. Ta gane ko igiyar mene ce, ta tabua ce. To, ashe zama za ta yi. Ta ji abin kamar an ce mata gobe Laraba.

Ilaitia ya karɓi haƙorin baƙi ya riƙe shi a ƙirji. Hannunsa na hagu ya sauka kan tabarma, kan igiyar, ya tsaya a nan. Idonsa na kan bango, can sama da kawunan mata, inda ya saba ajiye shi in tana wuri. Ya daɗe a haka. Sannan ya sa babban yatsa ya tura igiyar ta koma ƙarƙashin tabarma.

"Na karɓa," ya ce. "Matar nan ba a taɓa jin kanmu da ita ba. Ta ciyar da ƙanena, ta ciyar da mu, ta ciyar da waɗanda ba mu sani ba, sunan garin nan ya yi nisa saboda ita. Ba mu da abin biyanta. Abin da za mu iya shi ne kada mu tare mata hanya. Ku tafi da ita lafiya."

Maza suka tafa, irin tafin nan mai zurfi na hannu a lanƙwashe, wanda in an yi shi magana ta zauna ke nan. Apenisa ya ɗago a rikice, ya dubi na kusa da shi, ya mayar da kai ƙasa. Ulamila tana kallon wata tururuwa da ke jan ɓarɓashin rogo a kan tabarma, yana maƙale mata a kowace saƙa. Ta bi ta da ido har ta kai bango.

Haɗa kayanta bai ɗauki lokaci ba, yawancinsu sun riga sun bi bas. Tabarmi ne, da akwati, da 'yan tukwane. Aka matsa buhuna aka yi mata gurbi a bayan a-kori-kura. Gari duka ya fito bakin gada, mata suna kuka suna rataya mata furanni, Ilaitia can gefe ya ba da rabin baya kamar yadda ya kamata. Torika ta kama ƙarfen motar ta ɗago fuska, idanu sun kumbura.

"Muguwa. Da kin gaya min ai da na fara sabawa."

"In gaya miki me?"

"Cewa tafiya za ki yi mana. Sai da kika bari muka gani a bas? Yaya ya ce in faɗa miki kada ki tafi da shi a rai. Haƙorin nan tun makon jana'iza ya taka har gidan kawunmu a ƙafa ya roƙo shi, don ke. Jiya ya ga kayan Waisake sun tafi, ya ga buta ta tafi, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Ya ce, baiwar Allahn nan sallama take yi mana, kunya ce ta hana ta faɗa. In na fito da haƙori dole ta zauna, na ɗaure ta ke nan a gidan da ta riga ta share. Ni ma da na tuna 'duk yadda aka yi' ɗin nan naki, na ce masa haka ne, Yaya."

Ulamila ta dube ta.

"Yabawa ta yi."

"Wa?"

"Matar. Yaba butar ta yi."

"Kayan fa?"

"Sun jiƙe ne, Torika. Sanyi suke ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Torika ta saki ƙarfen. Ta waiwaya wajen yayanta, ta dubi mazan da suka tafa, ta sake dubanta. Ba abin da za a yi, su biyun sun sani. Haƙori ya shiga hannu, an tafa a gaban baƙi. A tayar da maganar yanzu a ce kuskure aka yi, an zubar da mutuncin gida biyu.

A nan ne abin ya zo mata, a bayan mota, tsakanin buhunan gwaza, bayan watannin da ba ta ji komai ba. Ba ta son tafiya. Tana son gidanta da ƙurarsa da ƙarar motocinsa, tana son kabarin nan na bayan coci, tana son bakin Torika. Har tsohon nan Ilaitia tana so, da ya taka zuwa gidan kawunsa saboda ita, wanda ko launin idonsa ba ta sani ba. Zafin ya taso mata gaba ɗaya, na Waisake da na gidan da na kanta, sai da ta dafe buhu. Tsakaninta da Ilaitia bai fi a yi magana a hankali a ji ba.

Direba ya tayar da mota. Ilaitia ya ɗan juyo, ba duka ba, ya haɗa hannuwa ya tafa mata a hankali, tafin girmamawa da ba kasafai ake yi wa mace ba. Ulamila ta sunkuyar da kai yadda ta saba yi masa tun tana amarya, ta bar shi a sunkuye har motar ta hau gada ta sauka.